Tagarmu na kallon gidan ƙona gawa, Hajiya ta ce mu tashi

Wani ɗan'uwa mai aikin kula da tsofaffi a arewacin Ingila ya rubuto. Sai da ya tare da iyalinsa ya gane ginin da ke bayan gidan hayarsu wurin ƙona gawa ne. 'Yarsa mai asma tana tari da dare, mahaifiyarsa daga Kano ta ce su tashi a makon nan, wani dillali kuma ya ce yana da ɗaki, a ba shi kuɗi a hannu, babu takarda.

Ɗan'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya. Kada ka ba dillalin nan ko sisi.

Tsoronka yana da tushe. Ƙona gawa na fitar da zaiba daga cikon haƙoran mamaci, da ƙura mai laushi da ido ba ya gani. Shi ya sa gwamnatin Birtaniya ta wajabta cewa zuwa ƙarshen 2012 a riƙa tace zaibar a rabin gawarwakin da ake ƙonawa, kuma hayaƙin sai ya ratsa ɗaki na biyu mai zafin digiri 800 ko fiye kafin ya fita. Rabi aka ce, don haka ba kowane wuri ke da matatar ba. Ƙaramar hukumarku ce ke ba wuraren ƙona gawa lasisi. Rubuta wa sashen lafiyar muhalli ka tambaya ko wannan wurin yana da matatar zaiba, ka nemi sakamakon gwajin hayaƙinsu. Ranar da ka ga baƙin hayaƙi ko ka ji wari, ɗauki hoto, rubuta lokaci.

Dokar 1902 ta hana gina wurin ƙona gawa kusa da gidan zama ƙasa da yadi 200 sai da yardar masu gidan a rubuce. Amma ba ta hana a zo daga baya a gina gidaje kusa da shi ba, saboda haka kada ka dogara da ita wajen fasa haya.

Kafin ka ɗora wa bututun hayaƙin laifi, janye gadon yarinyar daga bango. Duba bayan kwaba da ƙasan taga. In ka ga baƙin tabo da danshi, fumfuna ce, irin wadda ta kashe yaro ɗan shekara 2 a garin Rochdale na arewacin Ingila a 2020. Kai ta wurin likita, ya rubuta abin da ya gani. Da wannan takardar za ka tunkari mai gida.

Ɗakin dillali kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Na ga waɗanda suka bi wannan hanya: tsohon mai gida ya kai su kotu kan kuɗin haya, sabon ya kore su cikin hunturu, ba su da ko rasit. Doka ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce hayar mako 5, kuma mai gida ya saka shi cikin tsarin kare kuɗin ajiyar 'yan haya a cikin kwana 30. Wanda ya ce babu takarda, kuɗinka ya tafi. Ga shi kai mai biza ne, adireshinka dole ya kasance wanda za ka iya nuna wa ma'aikatar cikin gida da wurin aikinka.

Hajiya tana magana ne da tausayin kaka, ka tausasa mata harshe. Musulmi ba ya ƙona mamacinsa, amma abin da maƙwabci ya yi da nasa ba a wuyanka yake ba. Waɗanda nake jin haushinsu su ne 'yan'uwan da ke zuga ta, suna cewa ka zaɓi kuɗi ka bar 'yarka. Su ɗin ne za su kira ka ƙarshen wata suna jiran aike. Ka faɗa musu kai tsaye cewa tashi yana cin kuɗi, in an tashi aike zai tsaya na wani lokaci.

In zuciyarka ta ƙi zaman, karanta yarjejeniyar hayarka, ka ba da sanarwa a rubuce yadda ta tanada, sannan ka nemi wani gidan ta hannun mai ba da takarda. Wannan karon ka zaga unguwar da ƙafarka kafin ka sa hannu.