Hular kwano kaɗai ba ta kare kunne

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka na gwada motocin tsere da ake gyarawa a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, kuma in ya dawo gida kunnensa na kuka kamar gyare, kana tambaya ko hular kwano ta wadatar. A'a, ba ta wadatar ba. Kai take karewa daga buguwa, ƙara kuwa tana shigewa.

Wannan kukan gargaɗi ne. A cikin kunne akwai wasu ƙananan gashi masu ɗaukar sauti, idan suka mutu ba sa tsirowa kuma. Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Ƙara mai desibel 85 ma awa 8 ce iyakarta a rana, motar da aka cire wa salansa kuwa tana haura 100 nesa.

Ya sayi abin toshe kunne na soso. Ya murza shi ya sirance, ya ja kunnen sama da ɗaya hannun, ya tura ciki, ya riƙe har ya kumbura, sannan ya ɗora hular. Auduga ba ta yin wannan aikin, don Allah kar ya dogara da ita.

Tunda kukan ya riga ya fara, ka kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a gwada jinsa.