Amsoshin Tambayoyinku: Me zan saya kafin jarrabawar aikin motar asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka. Na kusa kammala kwas ɗin EMT, wato masu ba da agajin gaggawa a motar ɗaukar marasa lafiya, jarrabawa saura wata biyu. 'Yan ajinmu kowa da abin da ya saya: wani sabon littafi, wata abin sauraron ƙirji na Littmann, wasu manhajar tambayoyi ta biya duk wata. Abin da na tara dala 300 ne. Me zan saya, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba da sa'a. Kafin komai ki ware kuɗin jarrabawar, dala 100 da 'yan kai, ki ɗauka ba naki ba ne. Duk zaman da mutum ya yi sai ya biya, in kuma ya faɗi sai ya jira kwana 15 kafin ya sake nema. Wanda ya faɗi sau uku sai ya koma karatun gyara.

Abin da za ki saya ya danganta da irin jarrabawar. Hukumar NREMT mai rajistar masu agajin gaggawa a Amurka, wadda aka kafa a 1970 kuma take da mazauni a Columbus ta jihar Ohio, ita ke shirya ta, a kan kwamfuta, a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin Pearson VUE. Tambayoyi 70 zuwa 120 ne cikin awa 2. Kwamfutar tana auna ki ne tana tafiya: kika amsa daidai ta ƙaro mai tsauri, kika kuskure ta sassauto. Kuma tambayar da ta wuce ta wuce, babu komawa baya. Saboda haka in kika ji tambayoyin suna ƙara zafi, kada gabanki ya faɗi, sau da yawa alama ce ta kina kan hanya.

Hadda kaɗai ba ta fitar da mutum a nan. Za a ce miki wani ya faɗo daga babur, jini na tsartuwa daga cinyarsa, numfashinsa sama-sama, me za ki fara yi? Cikin amsoshi huɗu, uku duk abubuwa ne da za ki yi masa kafin a isa asibiti. Ana neman na farko ne. In wurin babu haɗari gare ki, jinin nan za ki fara tsayarwa, ki danne, in ya ƙi ki ɗaure sama da raunin, sannan iskar oksijin ta biyo baya. Tun sabon tsarin 2025, kusan kashi 40 cikin 100 na tambayoyin a kan wannan dubawar farko suke. Abin da ya sa nake cewa manhajar tambayoyi ta cancanci kuɗinki ke nan. Ki biya na wata biyu kawai, ki zaɓi wadda take bayanin dalilin da ya sa sauran amsoshin ba su yi ba. Ki yi tambaya 30 a rana, ki buɗe littafin rubutu na musamman don waɗanda kika faɗi. Ranar Asabar wannan littafin za ki karanta, ba wani ba.

Sabon littafi kuwa, ki bar shi. Na ajinku ya isa muddin bugun da malaminku ke koyarwa da shi ne. Tsohon bugu mai araha shi nake tsorace miki, don ƙa'idojin farfaɗo da zuciya ana sabunta su.

Littmann kaya ne mai kyau, ba na musu, amma ba a shiga da shi ɗakin jarrabawar kwamfuta. Ki sayi mai sauƙin kuɗi tare da abin awon jini na hannu, mai famfo da agogo. Ki zaunar da mutanen gida bayan sallar isha'i, ki naɗa a damtse, ki hura, ki saki iskar a hankali idonki a kan allurar, kunnenki na jiran bugun farko da na ƙarshe. Ki ƙirga numfashinsu ba tare da sun sani ba. Babba lafiyayye numfashinsa 12 zuwa 20 ne a minti, bugun zuciya 60 zuwa 100. Abin da hannu ya saba da shi ba ya ɓacewa ranar gwajin aiki a gaban malamai. Littmann ɗin ya jira albashin farko.

Tambaya: Malam, daga Kano nake. Na ga talla a Facebook, wai kwas ɗin EMT na Amurka ta intanet cikin mako biyu, da satifiket. In biya?

Amsa: Kada ka biya, ɗan'uwa. NREMT ba ta zaunar da kowa sai wanda ya gama kwas ɗin da hukuma ta amince da shi, kuma farfaɗo da zuciya, wato danna ƙirji sau 30 da hura numfashi 2, ba a koyonsa sai da hannu a kan mutum-mutumin roba, malami na tsaye yana gyara maka. Ka fara da horon agajin farko na ƙungiyar Red Cross reshen Kano. In ka ga aikin ya shiga ranka, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin da ke jihar Edo yana da makarantar horar da masu wannan aiki. Ka tuntuɓe su kai tsaye ka ji sharuɗɗan shiga, ba ta hannun ɗan tsakiya ba.