Baba ya ce sai likitanci, ni kuma kwamfuta nake so

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a ba ni shawara. Ina aji shida na sakandare, mun kusa cike fom ɗin JAMB, Baba ya dage sai na sa likitanci a BUK, ni kuwa wallahi ko kaza ake yankawa guduwa nake, bayoloji da ƙyar nake haye shi amma lissafi da fiziks ban taɓa faɗuwa ba. Kimiyyar kwamfuta nake so. Ya zan yi ba tare da na saɓa masa ba? Ɗiyarki daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Baba alheri yake nufinki da shi, kowa na so a ce gidansa akwai dakta, amma fa akwai abin da ya kamata ya sani. A JAMB mai neman likitanci Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks yake rubutawa, kin ga lissafin da kika fi ƙarfi ba ya ma cikin maki 400 ɗin, ga shi hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, shi ya sa yaro zai ci maki mai kyau ƙarshe a jefa shi wani kos da bai taɓa mafarki ba. In ma kin samu, shekara 6 ne, sai shekara 1 ta horo a asibiti kafin bautar ƙasa, kuma tun aji biyu na jami'a za ki tsaya kan gawa a ɗakin anatomi. Ke da kike gudun jinin kaza!

Kwamfuta kuwa shekara 4 ce, lissafi da fiziks dole ne a jarrabawarta. Sai dai ki gwada kanki tukuna, son danne-dannen waya daban, zama a rubuta umarnin da kwamfuta ke bi daban. Ki samu darasin masu farawa na Python, wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, a YouTube ki bi, in abin da kika rubuta ya ƙi aiki kika ji ba ki son tashi sai kin gano inda matsalar take, to da gaske kike.

Maganar Baba kuma kar ki tare shi da musu. Ki bi ta wajen Umma, ko wani kawunki da yake jin maganarsa, a kai masa sakamakonki tun daga aji huɗu ya gani da idonsa, in da hali malaminku na lissafi ya sa baki. Ki yi istihara, kuma duk a gama wannan kafin ranar zuwa cibiyar rajista, don canjin kos daga baya sai an biya kuɗi.