Na ajiye aiki, ina son gina manhajar kaina: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ina rubuta manhaja a wani kamfani nan Yamai, watan jiya na ajiye aikin saboda gajiya. Ina da ajiyar da za ta riƙe ni wata shida. Abu uku ke raina: manhajar adashe, ta saye da sayarwa, da ta koyon Zabarmanci. Babana yana ganin zaman banza kawai nake. Wacce zan kama, kuma yaya zan yi kada watannin su salwanta? Daga wani mai karatu, unguwar Wadata.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da gyara lissafi. Wata huɗu gare ka, ba shida ba. Biyun ƙarshe na neman aiki ne ko kwangila, kuma ban sa bikin suna da kuɗin magani da za su faɗo maka ba shiri ba.

Kafin ka zaɓa, a kan kowace ka kawo mini mutum guda, mai suna da lambar waya, wanda matsalar ke damunsa yau. Wadda ba ka samar wa mutum ba, ajiye ta.

Ta saye da sayarwa ka bar ta tukuna. Mai saye ba ya zuwa sai ya ga masu sayarwa, su ma ba sa zuwa sai sun ga masu saye, ga shi ƴan Katako da Babbar Kasuwa sun riga sun saba tallata kayansu ta WhatsApp da Facebook ba tare da biyan ko dala ba. Ta Zabarmanci tana da kyau, amma yawancin aikinta naɗar murya ne da tsara darasi. Ka tambayi kanka ko shi kake marmarin yi.

Saura adashe, kuma nan na taɓa ƙonewa. Lokacin da na yi irin hutunka, wata uku na kulle kaina a ɗaki ina ƙawata manhajar adashe, har da zanen da ke nuna hawa da saukar zubi. Na kai wa wata uwar adashe, ƙawar innata. Ta juya wayar, ta miƙo mini, ta ciro ɗan littafinta daga jaka, bangonsa duk ya sha mai, ta ce: "Ɗana, wannan ba ya neman caji." Da na zauna kusa da ita ranar zubi sai na gane lissafi bai taɓa damunta ba. Abin da ke cinye mata yini shi ne bin mata talatin ɗaya bayan ɗaya tana tuna musu, da gardamar wa ta zuba jikka biyu, wa ba ta zuba ba. Saƙon tuni da shaidar biya take so, aikin mako biyu. Ni kuwa na gina mata bene alhali rumfa take nema.

Saboda haka ka fara zama wurin uwar adashe sau biyu ko uku kafin ka buɗe kwamfuta. In ka fara, ka yi wa ƙaramar wayar Android, mai aiki ko babu intanet: bayanai su zauna cikin wayar, a ma'ajiyar bayanai irin SQLite misali, su tafi in an samu layi. Manyan alamu da murya, da Hausa ko Zabarmanci, sun fi dogon rubutun Faransanci.

Kada manhajarka ta riƙe kuɗin kowa. Fitar da kuɗin lantarki, wato kuɗin da ake ajiyewa a waya, a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma yana ƙarƙashin dokar babban bankin BCEAO, sai da izini. Mutane su biya ta Airtel Money, Nita ko hannu da hannu, kai ka rubuta shaida kawai. Sunaye da lambobin da kake tarawa ma amana ce, tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane.

Google Play, kantin manhajojin Android, na karɓar dalar Amurka 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya samu masu gwaji 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. Matan adashen nan su ne masu gwajinka. Apple mai iPhone na karɓar dalar Amurka 99 duk shekara, ka manta da shi yanzu.

Ka duba takardar kwantiragin tsohon aikinka, kada ka ɗauko ko layi ɗaya na abin da ka rubuta musu. Naka ka riƙa tura shi GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kullum, don ɗaukewar wuta a bazara ba ta sallama, kuma shi za ka nuna wa mai ɗaukar aiki in ya ce me ka yi a watannin nan.

Batun Baba kuwa, bai ga kana fita ba ne. Ka sa wa kanka lokaci kamar na ofis, ka riƙa leƙa CIPMEN, cibiyar raya ƙananan kamfanoni da ke nan Yamai, ka haɗu da masu irin aikinka. Ran da uwar adashe ta fara aika tuni da manhajarka, ka kai masa wayar ya gani da idonsa.