Ragona yana cin abinci a durƙushe

Wani mai kiwo daga Kurna ya turo cewa: "Malam, raguna uku na ɗaure tun bayan ƙaramar salla, dusa nake ba su har sai sun bari, yanzu ɗaya yana tafiya kamar mai taka ƙaya, gwiwoyin gaba sun kumbura, abinci ma a durƙushe yake ci."

To Alhaji, kafin komai ɗaga kofaton ka duba ko ya yi tsawo ko ya ruɓe yana wari, sannan ka dafa gwiwar da tafin hannu. In da zafi rau kuma ragon ya rage ci, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kira likitan dabbobi, kar ka tsaya jiƙe-jiƙe.

In ba zafi, dusar nan nake tuhuma. Ƙashi da sinadari biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaros, kuma rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaros, wato 2 bisa 1, ita kuwa dusa fosfaros ne jingim kalsiyam ɗan kaɗan, sai jiki ya koma yana zaro kalsiyam daga ƙashi, nama na ƙaruwa ƙashi na laushi, ƙarshenta ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita. Wannan rashin daidaiton ne ma yake kawo tsakuwar da ke toshe wa raguna fitsari, ka ga rago yana nishi yana ɗigar da shi kaɗan-kaɗan.

Rage dusa, ka ƙara harawar wake ko ta gyaɗa, su ne masu kalsiyam. Garin laimiston ɗin da masu kaji suke sawa a abinci, wato garin dutse mai kalsiyam, zuba kilo 1 zuwa 2 a dusa kilo 100 ka cuɗa sosai. Kanwa ba ta maye gurbinsa, duk da na san mutanenmu sun yarda da ita ƙwarai. Kuma don Allah a fito da ragon daga soro ya sha hantsi, rana ce take sa jiki ya yi bitamin D, in babu bitamin ɗin kuwa kalsiyam ɗin wucewa zai yi kawai.

Wata Madam daga Sabon Gari ta yi irin tambayar kan aladunta. Madam, naki da ɗan bambanci, alade mai saurin girma guringuntsin gaɓarsa ne yake tsagewa, akwai gado a ciki, kalsiyam kaɗai ba ya warkar da shi. Gyara simintin ɗakin ya daina santsi, wanda ya fara ɗingishi kuma kar ki bar shi ya yi barbara.