Me Ya Sa Harsashin Bindigar Iska Ke Sauka Ƙasa Idan Tazara Ta Ƙaru?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo ta jihar Jigawa, kuma ina da bindigar iska mai bakin milimita 4.5 wadda nake maganin gafiya da ita a bakin rumbu. Na daidaita saitinta a mita 20, amma da zarar na kai mita 40 sai ƙwayar dalmar ta sauka ƙasa da inda na auna da kusan faɗin yatsu huɗu. Bindigar ce ta lalace? Kuma mene ne BC da ake ambata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bindigarka lafiyarta ƙalau. Tun daga lokacin da ƙwayar ta bar bakin bututu ƙasa take janyo ta, kuma yawan faɗuwarta ya dogara ne ga daɗewarta a cikin iska: a ninka daƙiƙun tafiyar da kansu, sannan a ninka da mita 4.9. Mu ɗauka ƙwayarka ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa. Za ta kai mita 20 cikin kusan daƙiƙa 0.09, ta faɗi santimita 4 daga layin bututu, amma kafin ta kai mita 40 ta ci daƙiƙa 0.19, faɗuwar kuwa ta kusa santimita 18. Tazara ta ninka sau biyu, faɗuwa ta haura ninki huɗu, domin ƙwayar tana rage gudu a hanya. Saitin da ka yi ya ɗan ɗaga bakin bindigar, shi ya cinye wani ɓangare na faɗuwar, ya bar maka santimita 6 zuwa 8, wato yatsunka huɗu ke nan.

BC kuwa ma'auni ne na ƙarfin ƙwaya wajen ratsa iska. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda take riƙe gudunta. Ƙwayar bindigar iska tana da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi kamar ƙaramin turmi, kuma wannan siffa da ke hana ta wuntsilawa ita ce dai take sa iska ta riƙe ta. Shi ya sa lambarta ƙarama ce, kusan 0.02 ga mai milimita 4.5 wadda nauyinta ya ɗan haura rabin giram, da kusan 0.03 ga mai milimita 5.5.

Wanda ya samu na'urar auna gudun harsashi zai iya fitar da lambar da kansa bisa kiyasi. Ya auna gudu a bakin bindiga da kuma a wata tazara, misali 240 da 197 a mita 30. Ya raba na farko da na biyu, ya danna maɓallin ln a kalkuletan wayarsa, zai ga 0.197. Ya ninka wannan da 7,300, sannan ya raba tazarar, wato 30, da abin da ya fito, sai ya samu 0.021.

Sai dai ni a ganina kwali ya fi maka wannan lissafi amfani, domin lambar da kamfani ya bayar ba a fadamar Haɗeja aka auna ta ba, kuma iskar sanyin asubahin hunturu ta fi ta zafin Afrilu kauri. Ka kafa kwali a jikin tudun ƙasa inda babu mutum ko dabba a bayansa, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka harba biyar-biyar a mita 10, 20, 30 da 40 kana auna ɗigo ɗaya, sannan ka gwada nisan tsakiyar hujojin daga ɗigon, ka rubuta a ƴar takarda ka manna a gindin bindigar. Idan ka canza irin ƙwaya, sai ka sake gwajin daga farko.

Ka zaɓi ranar da iska ta kwanta, domin iska mai gudun mita 4 a daƙiƙa idan ta bugo daga gefe tana iya kautar da irin wannan ƙwaya kusan santimita 10 a mita 40.