Injin 1KZ zai hau kan giyar Hilux mai 3L?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Marwa nake, ina da Hilux tsohuwar yayi 4x4 mai injin 3L, da ita nake kai albasa Kusiri. Injin ya gaji, sau biyu ana masa ringi amma har yanzu hayaƙi yake da shan baƙin mai. An nuna min 1KZ turbo okaziyo (na hannu) da aka ciro daga Toyota Surf, mai shi ya ce in ɗauki injin kawai tunda bwat ɗina, wato giyar, lafiya lau take. Zai hau kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Toh gaskiya kai tsaye dai ba zai hau ba, kuma wanda ya ce maka "inji kawai" so yake kayansa su fita, ba shi ne zai kwana a ƙarƙashin mota tsakanin Waza da Dabanga ba.

Bari in fara da inda inji da giya suke haɗuwa. Akwai wannan ƙoƙon ƙarfen da ke rufe falawil da faifan kuloci, mu nan kulosh muke ce masa, kar ka rikice da 'yan'uwanmu na Mubi da Maiduguri, su idan sun ce kuloci ambreyaj suke nufi. Ramukan kusoshin kulosh ɗin nan dole su zo daidai da na bayan inji. Injinan 2L da 3L da 5L 'yan gida ɗaya ne, 2.4 da 2.8 da 3.0, bayansu iri ɗaya, shi ya sa kake ganin ana cire 3L a sa 5L cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an kira mai walda ba. Shi kuwa 1KZ da Toyota ta fito da shi a 1993 wani gida ne daban duk da shi ma lita 3 ne kamar 5L, ramukansa ba su faɗa kan na kulosh ɗinka ba.

Wani zai ce maka ai sai a yanka faranti a huda a haɗa. Na taɓa karɓar irin wannan aikin daga wani gareji da ba zan ambata ba, sun huda da ido ba awo, sandar giya ba ta zauna a tsakiyar karanshaf ba, ɗan kaucewar da ido ma ba ya gani, amma motar ba ta yi nisa ba boris ɗin gaban giya ya fara kuka, faifan kuloci ya farfashe daga tsakiya, giya ta biyar kuma tana fita da kanta. Mai motar ya biya kuɗin aiki sau biyu.

Ko da a ce ya hau ɗin ma, akwai maganar ƙarfi, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Kowa doki yake tambaya, doki nawa, alhali abin da ke kashe giya ƙarfin murɗa ne. 3L ɗinka yana ba da wajen 190 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa ke nan), 5L kaɗan ya ɗara shi, amma 1KZ-TE kusan 290 yake bayarwa, mai intakula (na'urar sanyaya iskar turbo) ma ya haura 330. Wato ka ƙara wa giyar rabin abin da ta saba ɗauka. Yawancin Hilux masu 3L ƙananan giya suke da su, irin G52 ko G58 ko W56, kamfanin kuma da kansa bai yarda ya haɗa 1KZ da waɗannan ba, R150F da R151F yake sa masa, masu kaurin haƙora da manyan boris. Kai kuma ba fanko kake tafiya ba, buhunan albasa ne har sama, ga rami ga yashi, giya ta ɗaya da ta biyu kake wuni a kai. Ka duba lambar giyarka a farantin da ke cikin bonet, wajen da aka rubuta TRANS/AXLE, idan ka ga R151F to ka yi sa'a, kulosh da falawil da kuloci na 1KZ za ka nema. Nan ma a auna tsawon sandar giya da zurfin kulosh ɗin kafin a biya, dan giyar R ɗin ba duka tsawonsu ɗaya ba, na tsofaffin shekaru da na baya sun bambanta, a kuma zura faifan kuloci a sandar a ga haƙoran sun shiga sumul.

Sai kuma ka ce daga Surf aka ciro shi, wannan ya sa na ɗaga gira. Surf ɗin Japan da yawansu otomatik ne. Idan haka ne bayan injin ba falawil ba ne, wani siririn faranti ne da ba ya ɗaukar kuloci, kuma babu ɗan boris ɗin nan da kan sandar giya ke zama a ciki, duk sai ka saya daban. Ga harafin E ɗin nan na ƙarshen 1KZ-TE, ma'anarsa famfon gazuwal ɗin kwamfuta ke tuƙa shi, in babu kwamfutarsa da wayoyinsa cikakku ba zai tashi ba. Motar Japan kuma sitiyarinta a dama yake namu a hagu, sai ka ga wayoyin ba su kai inda ake so ba, sai an zauna an ƙara su ɗaya bayan ɗaya. Akwai 1KZ-T mai famfo na gargajiya, in ka samu wannan ya fi min kwanciyar hankali, musamman da irin gazuwal ɗin jarka da muke sha a hanya.

Ragowar ƙananan abubuwa ne amma kowanne kuɗi ne: kujerun inji, tsawon farfela gaba da baya, gefen da farfelar gaba take fita, kaskon baƙin mai kar ya bugi aksul ɗin gaba, salansa, wayar mita.

Lagireto dai ba ƙaramin abu ba ne. 1KZ ya yi suna wajen tsagewar kan silinda idan ya yi zafi, mu kuma a Maris da Afrilu zafin Marwa da Kusiri yana wuce 40, in ka bar masa tsohon lagireton 3L da laka ta toshe to ka fara tara kuɗin kulas, wato kan silindan, tun yanzu.

In da ni ne da motar nan, 5L mai famfo na gargajiya zan nema, ba 5L-E ba. Ba zai yi gudun turbo ba wallahi, amma giyarka tana nan, farfela tana nan, kuma duk bakaniken da ka tsaya wajensa a Mora ko Kusiri ya san shi ciki da waje, kayansa ma ba wuya. In kuwa ranka ya riga ya kwanta a kan 1KZ, kar ka sayi inji tsirara, ka sa a nemo maka gaban mota da aka yanko gaba ɗaya daga Duwala, inji da giyarsa ta hannu da bwat ɗin 4x4 (ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya) da kwamfuta da wayoyi duk daga mota ɗaya, ka je da bakanikenka a tada shi a gabanku. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin ka haɗa da kart giriz, wato takardar rajistar mota, saboda masu duba takardu a hanya da ranar bizit, wato duba lafiyar mota. Turo min abin da aka rubuta a farantin nan na bonet, sai in faɗa maka wace giya ce a motar.